Me Ya Sa Coci-Coci Ke Haɗa Baikonsu Wuri Guda Idan Yunwa Ta Faɗo?

A watan Yulin 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa matsananciyar yunwa ta afka wa kudancin Somaliya. Da ƙura ta lafa aka yi lissafi, mutum kusan 260,000 ne suka rasu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Abin da ya fi sosa rai shi ne, wajen rabin mamatan sun riga mu gidan gaskiya tun kafin a yi sanarwar.

Ku riƙe wannan a ranku, domin a nan maganar ta ta'allaƙa.

Masana ba sa kiran abu matsananciyar yunwa haka kawai. Sai gida 20 cikin 100 sun rasa abin kai wa baka, yara 30 cikin 100 sun kamu da tamowa mai tsanani, sannan a kowace rana ana rasa mutum 2 cikin kowane 10,000. To, duk cocin da ya zauna jiran wannan sanarwa kafin ya zagaya da kwanon baiko, wato kuɗin da masu ibada ke bayarwa, ihu ya yi bayan hari.

Tun fil azal masu bi suka gane haka. Littafin Ayyukan Manzanni, sura 11, ya ba da labarin wani annabi mai suna Agabus da ya yi gargaɗi a Antakiya cewa babbar yunwa na tafe, ta kuwa zo a zamanin Sarki Kalaudiyas na Roma. Jama'ar ba su jira ba. Kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, aka damƙa wa Barnaba da Shawulu su kai Yahudiya. Daga baya Manzo Bulus, wato shi Shawulu ɗin, ya faɗaɗa abin, ya haɗa ikilisiyoyin Galatiya da Makidoniya da Akaya a kan asusu guda saboda matalautan Urushalima. Dubi tsarinsa: ya ce wa mutanen Koranti kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta kowane mako, don kada sai ya iso a fara cigiyar kuɗi. Kuma bai yarda ya rungumi jakar shi kaɗai ba. Ikilisiyoyin ne suka zaɓi amintattun da za su raka ta, saboda kada a samu bakin zargi. Manzo guda ke nan, amma ya nemi shaidu a kan kuɗi.

A zamaninmu ma hanyar ba ta canja sosai ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1945, coci-cocin Birtaniya da Ailan suka haɗa kai don agaza wa 'yan gudun hijira, abin da ya zama ƙungiyar Christian Aid. Daga 1957 suka ware mako guda a kowace shekara, 'yan sa kai daga ɗariku daban-daban su raba unguwanni, su bi gida-gida da ambulan. A Amurka kuwa, ƙungiyar Church World Service ce ke shirya tattakin yaƙi da yunwa mai suna CROP, inda masu tattaki ke neman 'yan uwa da abokai su ɗauki nauyin tafiyarsu, a bar wani kaso na kuɗin a garin da aka tara shi, sauran ya tafi inda buƙata ta fi tsanani.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Kanada. A 1983 aka kafa Canadian Foodgrains Bank, wanda a yau ya ƙunshi coci-coci da hukumomin coci 15. Manoma kan haɗu su nome gona guda, wannan ya kawo iri, wancan taki, wani ya zo da motar girbi, a sayar da amfanin a zuba kuɗin a asusu. Gwamnatin ƙasar kuma takan ɗora dala 4 a kan kowace dala 1 da aka tara don agajin abinci, har zuwa wani adadi a shekara. Ƙaramin coci shi kaɗai ba zai taɓa zama teburi ɗaya da gwamnati ya ƙulla irin wannan yarjejeniya ba. Hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka.

Wani zai ce, me ya sa kuɗi, ba buhunan abinci ba? Saboda buhu sai an biya masa jirgi da mota da ɗakin ajiya, kuma yakan share watanni a hanya. Kuɗi kuwa cikin kwanaki ya isa, a sayi hatsi a kasuwa mafi kusa, manomin yankin ma ya amfana. In babu komai a kasuwar, kamar inda yaƙi ya toshe hanyoyi, sai a koma jigilar kaya.

Kada ku ɗauka haɗin kan nan yana da sauƙi. Taron farko kan tafi ne a kan tambayoyin da kowa ke jin nauyin furtawa. Wa zai zama ma'aji? Sa hannun mutum nawa ake buƙata kafin a fitar da kuɗi? Sunan wane coci zai hau kan allo? Babban coci ya fi kawowa, shin muryarsa za ta fi ta ƙarami?

Sai kuma tambaya mafi nauyi: wa za a ba? A 1994 manyan hukumomin agaji, har da na coci-coci irin su Caritas, suka amince da wata ƙa'idar aiki tare da Red Cross. Ta ce buƙata kaɗai ake dubawa, ba ƙabila ko addini ba, kuma ba a mai da agaji tarkon jawo mutum ga wata aƙida. Saboda haka idan uwa ta iso layin rabo da goyo a bayanta, ma'aikacin ba zai tambaye ta inda take ibada ba. Zai zaro ɗan siririn ma'aunin tamowa mai launi uku, kore da rawaya da ja, ya naɗa a damtsen yaron, ya duba inda ya tsaya.