Kyaftin Vikram Batra: na je inda aka ajiye sunansa a Delhi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Yau daga makaranta ban koma ɗaki ba, na biyo nan dandalin tunawa da sojojin Indiya da ke daf da India Gate a birnin New Delhi. A watan Fabrairun 2019 aka buɗe shi, shiga kuma kyauta ce. Ku yi haƙuri da hayaniya, 'yan makaranta ne aka kawo cike da mota biyu.

Bari in matso da kyamara. Kun ga waɗannan katangu da suka yi zobe? Kowane bulon dutse sunan soja ɗaya ne da ruwan zinare, da lambarsa da rundunarsa, sun haura 25,000. Ɗazu na ga wani dattijo ya durƙusa yana bin harufan suna ɗaya da ɗan yatsa, ya ajiye furen nan ruwan ɗorawa ya tashi. Ban ɗauke shi ba, kunya ta hana ni.

Wanda ya kawo ni yana can gefe, cikin lambun da aka jera mutum-mutumin tagulla guda 21. Su ne waɗanda aka ba Param Vir Chakra, lambar jarumta mafi girma a ƙasar nan, kuma 14 daga cikinsu ba su ga lambar da idonsu ba. Ga shi nan: Kyaftin Vikram Batra, na bataliya ta 13 ta rundunar Jammu and Kashmir Rifles, sojan ƙafa. Ku dubi fuskar. Yaro ne wallahi, shekara 24.

An haife shi a Palampur a 1974. 'Yan biyu ne, shi ne Hassan ɗin. A Disambar 1997 ya fito daga makarantar hafsoshi ta Dehradun, bai cika shekara biyu da kaki ba yaƙin Kargil ya ɓarke tsakanin Indiya da Pakistan a 1999. Yaƙi ne na kan duwatsu. Su tsaunukan ma da tsayinsu ake kiransu, idan an ce 5140, ana nufin mita 5,140. Abokin gaba yana bisa ya kafa bindiga, kai kana ƙasa kana rarrafe cikin dare da ƙanƙara, iska ba ta isar huhu. Ni da benen ɗakinmu mai hawa huɗu nake haki, na daɗe ina juya wannan a raina.

Ranar 20 ga Yuni suka kama tsaunin 5140, kuma ko mutum ɗaya bai rasa ba cikin waɗanda ya jagoranta. Yana laftanar a lokacin, nan aka ƙara masa girma zuwa kyaftin. Sai aka tura su tsauni na gaba, 4875. A can ne, ranar 7 ga Yuli, wani hafsa ɗan'uwansa ya ji rauni a fili, wuta na sauka. Batra ya fita jawo shi. Ana ba da labarin cewa wani na ƙasa da shi ya nemi ya je, ya hana shi saboda mai iyali ne. Harsashi ya same shi, nan ya cika. Hafsan ya rayu, tsaunin kuma yau da sunan Batra ake kiransa. Mahaifinsa ne ya karɓi lambar daga hannun shugaban ƙasa K. R. Narayanan ranar 26 ga Janairun 2000.

Na san wani zai ce, to ɗaya ɓangaren fa, su ba su da jarumai? Suna da su. Kwana biyu kafin Batra ya faɗi, Kyaftin Karnal Sher Khan na Pakistan, mutumin Swabi, ya faɗi a kusa da Tiger Hill yana jagorantar yaransa. Birgediya Bajwa na Indiya, wanda ya yaƙe shi, shi ya rubuta takarda yana yaba jarumtarsa aka sa a aljihun gawar. Ƙasarsa ta ba shi Nishan-e-Haider, lambar jarumta mafi girma a Pakistan. Gida biyu, wata ɗaya, kowanne aka kawo masa ɗa a akwati.

Tsayuwata a nan ta tuno mini Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali na sojan Najeriya, wanda aka kashe a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamban 2016. Shi na tankokin yaƙi ne, amma na tuna yadda hotonsa ya cika wayoyinmu a makon nan. Allah ya jiƙansa da rahama. Ɗazu na ji wani yaro da bai wuce shekara goma ba yana karanta wa abokansa sunan Batra da ƙarfi tun kafin malama ta nuna musu. Ina son ranar da ƙanena zai tsaya a gaban dutse irin wannan a Maiduguri ko Abuja ya karanta sunan Abu Ali, da na kurtun da suka faɗi tare da shi a daren.

Ga sojoji can sun fara jeruwa, kowace yamma ana busa begila a sauke tuta. Zan kashe kyamara in tsaya tare da mutane. Sai mun haɗu, in Allah ya kai mu.