Yaran da teku ta jefar: lacca ga iyaye da malaman firamare a Kaduna

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, barkanku da zuwa.

Ɗazu wata malama daga Tudun Wada ta tambaye ni: yaron Kaduna da bai taɓa ganin teku ba, me zai ƙaru da shi a labarin waɗanda jirgi ya kife da su? Malama, ɗan shekara 9 zuwa 12 tambaya ɗaya ke cin ransa: in babu Baba, babu Mama, wa zai riƙe ni? Ita littattafan irin wannan labari ke amsawa.

Ku ɗauki littafin The Cay na Theodore Taylor, wanda ya fito a 1969. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka harbi jirgin ruwan da yaro Bature mai suna Phillip ke ciki, ya makance, ya tsinci kansa a ɗan tsibiri tare da Timothy, tsoho baƙar fata, irin mutanen da aka koya masa rainawa. Tsohon bai lallaɓa shi ba. Ya sa shi saƙar tabarma, ya koya masa kamun kifi da lalube, don tsohon ya san ba lallai ya daɗe a duniya ba. Da guguwa ta taso, da jikinsa ya kare yaron. Wallahi garin da ya ga abin da Kaduna ta gani na rabuwar kai, yana buƙatar 'ya'yansa su karanta wannan.

Kada ku ce ƙage ne kawai. A 1965 wasu 'yan makaranta shida daga ƙasar Tonga suka ɗauki kwalekwale, iska ta kai su tsibirin Ata, inda babu kowa. Wata 15 suka yi. Suka raba aiki bibbiyu, suka hana wutarsu mutuwa, safe da yamma suna addu'a tare. In biyu sun yi faɗa, sai a raba su har zuciya ta huce. Ɗaya ya karye a ƙafa, sauran suka yi masa ɗori da itace, ya warke. Dukkansu aka same su da rai a 1966.

Abin da ke damuna, da Turanci yaranmu ke samun irin waɗannan, in ma sun samu. Marubutanmu da ke zaune a nan, ga tsibiran Tafkin Chadi, ga Kainji. Ku sa ɗan masunci da ɗan makiyayi a kwalekwale ɗaya, ku rubuta mana da Hausa, mu malamai za mu karanta musu a aji.

To, mai tambaya ya ɗaga hannu.