Alama ta Zauna Daidai, Me Ya Hana Motar Tashi?

Assalamu alaikum, 'yan uwa makanikai da masu motoci. Tun makon jiya ake ta turo mini bidiyon nan da ke yawo a WhatsApp: an haɗa inji tsaf, an sa sabuwar distiributa (mai raba wa filogi wuta), ana buga kik sai wuta ta tashi ta bakin kafireta, yaron gareji ya daka tsalle har takalminsa ya fita. Wasu sun ce kayan jabu ne, wasu sun ce kwail ne ya mutu. Ina gani na gane inda aka kuskure, shi ya sa na yi sammakon shigowa Farin Gada cikin sanyin Jos ɗin nan, mu gwada a kan wannan Golf ɗin.

Cire tsohuwar distiributar ba ya cin lokaci. A cire kan batir, a ɗaga murfi, a kwance noti, a zaro. Da injin bai motsa ba, alli ma ya isa, ka yi alama inda rota (abin da ke juyawa a ƙarƙashin murfin distiributa) ke kallo ka mayar da sabuwa haka. Amma injin da aka sauke aka sake haɗawa, an juya shi ba adadi.

To ga wurin, ku natsu. Kun ga tsagar nan a jikin fuli ta yi daidai da alamar da ke jikin inji? Nan mutane da yawa ke cewa shi ke nan, fistan na ɗaya ya hau sama, sai a zura distiributa. Lallai ya hau sama, amma wane hawa? Kiranshaf, wato sandar da fulin ke kanta, sai ya zaga sau 2 kafin rota ta zaga sau 1. Ke nan wannan alamar sau biyu take haɗuwa. A hawa ɗaya fistan yana matse iska da fetur, bawul duka biyu a rufe, wuta kawai yake jira. A ɗaya hawan kuwa hayaƙi yake turawa salansa, bawul na shan mai ma ya fara buɗewa. Ka ba shi wuta a lokacin, ina za ta bi? Ta kafireta mana, ko ta yi ƙara a salansa kamar an harba bindiga. Abin da ya faru a bidiyon ke nan, rota ta juya baya da digiri 180.

Fuli ba zai gaya maka ba, yatsanka ne zai gaya maka. Cire filogi duka don injin ya yi sauƙin juyawa. Toshe ramin filogi na ɗaya da babban yatsa. Auta, ɗauko sufana, juya a hankali, ta inda injin ke juyawa in yana aiki. Saurara... ka ji? Fuuu! Iska na ture mini yatsa. Wannan shi ne hawan da muke nema. Ci gaba kaɗan kaɗan har tsagar ta zo kan alama. Tsaya nan.

In murfin saman inji a buɗe yake, ka ƙara tabbatarwa da ido: bawul biyu na lamba ɗaya a rufe, na lamba huɗu suna musayar motsi. Kuma masu Peugeot ku kula, a injinansu da dama daga ɓangaren giya ake fara ƙirga lamba ɗaya. Na sha ganin an toshe ramin da ba shi ba.

Yanzu zurawa. Haƙoran giyar nan a karkace suke, saboda haka rota za ta murɗa da kanta yayin sauka. Fara ta da ɗan baya, ta sauka tana kallon wannan 'yar tsagar da ke bakin distiributar. In ta tsaya ba ta zauna ƙasa ba, don Allah kada ka matse ta da noti. Leƙa ramin, bakin famfon baƙin mai ne bai daidaita ba, ka juya shi kaɗan ka sake gwadawa.

Akwai masu cewa in an yi kuskuren, sai kawai a musanya wayoyin filogi a kan murfi. Motar za ta tashi, ban musa ba. Amma ba na son wannan aikin ko kaɗan, domin ranar da ta tsaya wa mai ita a hanya, makaniken da zai duba ta sai ya sha wahala kafin ya gane abin da aka yi.

Wayoyin filogi a kan murfi: fara daga inda rota ke kallo, 1, 3, 4, 2, ta inda rota ke juyawa. Noti a ɗaure shi sama sama tukuna, sai inji ya ɗumama a saita da fitilar taimin, bisa adadin da kamfani ya rubuta wa wannan injin. Kunne kaɗai ba ya isa. In wutar ta yi gaba da yawa, a Hawan Kibo za ka ji injin na ƙwanƙwasa, in ta yi baya kuma ga zafi, ga shan mai, ga rashin ƙarfi.

Auta, mayar da kan batir. Bismillah, buga mu ji.