Yaron da Ya Datse Baki: Yadda Ake Sabar Masa da Sabon Abinci Ba Tare da Ɗura Ba

Assalamu alaikum iyaye mata da masu raino.

Ga yaro ɗan shekara biyu, an zuba masa faten wake da manja. Ya leƙa kwanon, ya kau da kai, ya datse baki. An kai masa cokali, ya buge shi. Abin da yake yarda da shi bai wuce uku ba: shayi da burodi, koko, sai indomi. Idan haka ɗanki yake, zauna mu bi abin daki-daki.

Mu fara da abin da zai ɗan kwantar miki da hankali. Jariri kan ninka nauyin da aka haife shi da shi har sau uku kafin ya cika shekara ɗaya. A shekara ta biyu kuwa, abin da yake ƙarawa bai fi kilo 2 zuwa 3 ba. Girman ya lafa, don haka yunwar ma ta ragu. Sannan daga wajen shekara ɗaya da rabi yawancin yara kan fara ɗari-ɗari da duk abincin da ba su saba gani ba, kuma wannan hali yakan kai wasu har shekara 6. Yaron da yake cin komai yana ɗan wata tara, ya dawo yana tsirfa yana ɗan shekara biyu, ba lalacewa ya yi ba.

Amma kafin ki ce tsirfa ce, buɗe bakinsa a wuri mai haske ki duba. Akwai ƙuraje a harshe ko dasashi? Akwai farin abu kamar ragowar nono da ba ya goguwa? Turame suna fitowa? Yaushe rabonsa da bayan gida mai laushi? Yaron da kashi ya taurare masa yakan ji cikinsa a cike ko bai ci komai ba. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon kunne, tsutsar ciki da ƙarancin jini duk suna kashe sha'awar abinci. Idan kin ga yana cin ƙasa ko gawayi, ko cikin fatar idonsa ta ƙasa da tafin hannunsa sun yi fari fat, a kai shi a auna jininsa. Kada ki fara da sayo maganin cin abinci a kemis. Da yawa daga cikin waɗannan ruwan magunguna barci suke sa yaro, su kuma rufe ainihin abin da ke damunsa.

Sai maganar ɗura. Mun san yadda ake yi: a kwantar da yaro a cinya, a maƙale hannuwansa, a toshe hanci, a tara koko a tafin hannu a bakinsa har ya haɗiye. Mun kuma san ƙauna ce ke sa uwa ko kaka yin haka, don kada yaro ya kwana da yunwa. Duk da haka muna roƙo a daina. Yaron da ke kuka yana jan numfashi, hanyar iskarsa a buɗe take, kokon yana iya wucewa huhu. Daga nan sai tari, sai zazzaɓi, sai ciwon namoniya, wani lokaci ma a rasa yaron nan take. Wanda ya tsira daga wannan kuma ya koyi darasi ɗaya: kwano da cokali abin tsoro ne. Shi ya sa za ki ga yaron da aka saba yi wa ɗura yana fara ihu tun daga jin ƙarar murfin kwano. Bin yaro da cokali a tsakar gida, tsorata shi da dodo ko allura, da kunna masa waya a riƙa zura masa loma bai sani ba, duk ƙannen ɗura ne.

To me za a yi? A raba aiki. Ke ce mai zaɓen abin da za a ci, da lokacin ci, da wurin ci. Shi kuma nasa ne ya ci ko kada ya ci, da kuma yawan da zai ci. Wannan rabo yana da wuya a makon farko, domin za ki ga ya tashi da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, zuciyarki ta ce ki bi shi da kofin shayi. Daure. Yaro mai lafiya da ake ajiye wa abinci a kan lokaci yakan rama a ci na gaba ko washegari. Ki riƙa auna cinsa da mako guda, kada ki auna da kwano ɗaya.

Lokacin kuwa haka yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga wata 12 zuwa 23 ya ci abinci sau 3 zuwa 4 a rana, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2, tare da nonon uwa har shekara biyu ko fiye. Ki bar tazarar awa biyu zuwa uku tsakanin ci da ci, kuma a wannan tazara ruwa kawai zai sha. A nan ne gidaje da yawa ke samun matsala. Yaya ta ba shi biskit, maƙwabciya ta ba shi alewa, baba ya dawo daga Sabon Gari da lemon kwalba, ga kofin shayi a hannunsa tun safe. Cikin yaro ƙarami ne ƙwarai, kafin a sauke tuwo ya riga ya cika. Madara kada ta wuce kamar mililita 500 a yini, wato cikin ledar fiyawata ɗaya. Ganyen shayi kuma yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke gina jini, don haka a raba yaro da shi. Idan har yanzu yana shan nono, ki fara ba shi abinci, nonon ya biyo baya.

Koko ma yana da laifinsa idan ya tsinke. Koko mai ruwa-ruwa yana cika ciki ba tare da ya ƙosar ba. Ki dama shi da kauri yadda zai zauna a cokali idan kin karkata, ki sa masa niƙaƙƙiyar gyaɗa ko garin waken suya da aka soya, da ɗan cokalin mai.

Yanzu ga zaman cin. Ki shimfiɗa tabarma ku zauna tare, ko ki ɗora shi a 'yar kujera wadda ƙafafunsa ke taɓa ƙasa, bayansa a miƙe. Yaron da ƙafarsa ke lilo hankalinsa na kan kada ya faɗi. A wanke hannunsa da naki da sabulu. A ba shi kwanonsa na kansa ko da kowa na ci a faranti ɗaya, domin yayyensa sun fi shi sauri, kuma da kwanonsa ne za ki san abin da ya shiga cikinsa. A kashe talabijin. Minti 20 zuwa 30 ya isa. Idan lokacin ya cika, ki ɗauke kwanon ba faɗa ba gori.

A cikin kwanon, kullum a samu abu ɗaya da kin tabbata yana ci. Kusa da shi, ba a cakuɗe ba, ki ajiye sabon abincin, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake ɗaya ko biyu. Tulin abinci yana razana yaro, ɗan kaɗan kuwa yana jawo shi ya taɓa. Sai ke ki ɗauki irinsa ki ci a gabansa, ki tauna a hankali yana ganin bakinki, ki ce, “Wannan kabewa ce, tana da laushi, tana da zaƙi.” Ki tsaya a nan. Kada ki ce “ɗanɗana mana”.

Ci yana da matakai, kuma haɗiya ita ce ta ƙarshe. Da farko yaro zai yarda abin ya zauna a kwanonsa bai ture ba. Wannan ci gaba ne. Wata rana ya dangwala yatsa. Wata rana ya murtsuke shi a tafin hannu, ya shinshina, ya shafa a leɓe. Sannan ya lasa, ya gatsa ya tofar. Ki bar shi ya tofar, ki ma ajiye masa ɗan murfi na tofarwa, domin yaron da ya san yana da damar fitarwa shi ne ke yarda ya saka a baki. Ki bar shi ya ɓata hannu da riga, kada ki riƙa goge masa baki bayan kowace loma. Sabon abinci yakan buƙaci a gabatar da shi sau 10 zuwa 15 a ranaku daban-daban kafin yaro ya karɓa, alhali yawanci akan haƙura tun a karo na uku a ce ba ya so. Ki riƙe abu ɗaya ko biyu kina maimaitawa duk bayan kwana biyu.

Akwai kuma dabarar bi ta kan abin da ya riga ya sani, ana canza abu ɗaya tak a kowane mataki: ko siffa, ko launi, ko laushi, ko ɗanɗano. Yaron da ke son ƙosai, ki fara yi masa ƙosan ƙanana, sannan masu faɗi, sannan alala da aka yanka aka ɗan soya gefenta, sannan alala zalla, daga nan a gangara faten wake. Mai son soyayyen dankalin Turawa, a kai shi ga soyayyen dankalin Hausa da aka yanka iri ɗaya, sai dafaffe, sai kabewa. Mai son indomi, ki rage garin ɗanɗanon zuwa rabi, ki fasa ƙwai a gefe, bayan kwanaki ki koma taliyar Hausa da manja. Mai son abu mai ƙaras-ƙaras yakan karɓi soyayyar awara kafin ya karɓi nama. Mai shan koko kaɗai, ki riƙa ƙara masa kauri a hankali har ya kusa zama fate, kuma mu nan Zazzau ba sai an koya mana fate ba. Ki yi shi da tsakin masara mai laushi, da alayyahu da aka yanka siriri, da gyaɗa niƙaƙƙiya, ki ɗibi nasa kafin ki zuba attarugu. Yaji da tsamin yakuwa su ne ke korar yara da yawa daga tukunyar gida.

Kada ki ɓoye masa sabon abu a cikin abincin da ya amince da shi. Idan ya gano, yana iya barin wancan ɗin ma. Kada kuma ki ce “cinye in ba ka alewa”, domin kin nuna masa alewa ce abin so, abincin kuwa wahala ce. Gara ki sa shi aiki: ya tsinke miki ganyen zogale, ya wanke tumatir a roba, ya ɓare ayaba. Ki zaunar da shi da yayyensa ko 'ya'yan maƙwabta, yaro yana kwaikwayon yaro fiye da babba. Maigida da kaka su san wannan tsari, don idan ke kin ɗauke kwano wani ya bi shi da biskit, aikin ya rushe. A kula da lokacin yaye ma. Yaron da aka raba da nono da uwarsa a rana ɗaya aka kai shi gidan kaka yakan yi yajin cin abinci. A saba masa da abincin gida tukuna, a janye nonon sannu a hankali.

Dole ki bambance kakari da shaƙewa. Mai kakari yana da sauti: fuska ta yi ja, ya turo harshe, ya yi tari, abin ya fito. Wannan jiki ne ke kare kansa, ki natsu ki bar shi, kada ki zura masa yatsa. Wanda ya shaƙe kuwa shiru yake yi, ba kuka ba tari, leɓe ya fara duhu. Idan ya haura shekara ɗaya, ki sunkuyar da shi gaba ki buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5. Idan bai fito ba, ki koma bayansa, ki dunƙule hannu a saman cibiya ki danna ciki da sama sau 5, ki riƙa maimaitawa ana neman abin hawa. Gyaɗa guda-guda, aya, gurjiya, gugguru, alewa mai tauri da dabino mai ƙwallo ba na yaro ƙasa da shekara 5 ba ne. Kifi a tsince ƙayarsa tsaf, nama a daka ko a zare shi siriri. Idan kuma bayan cin ƙwai, gyaɗa, kifi ko awara kin ga leɓe ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ko numfashi ya canza, a tafi asibiti nan take.

Akwai yaran da lamarinsu ya wuce tsirfa. Wanda ke ƙwarewa ko tari kusan duk lokacin da ya ci ko ya sha, muryarsa ta riƙa gurgur bayan haɗiya, ko ciwon ƙirji ya riƙa dawo masa. Wanda ya kai wata 15 ko fiye bai iya tauna komai ba sai abin da aka tace. Wanda ke tara abinci a kumatu ya daɗe bai haɗiye ba. Wanda nau'in abincin da yake ci bai kai 20 ba kuma kullum raguwa yake yi. Wanda aka haifa bakwaini, ko yake da jinkirin zama, tafiya ko magana. Irin waɗannan suna buƙatar likitan yara ya duba haɗiyarsu da girmansu. A nan Zariya akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau, da Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko ki fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwarku su tura ku.

Ki nemi a auna dantsensa da zaren awo mai launi uku. Kore, daga santimita 12.5 zuwa sama, lafiya lau. Rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, yana buƙatar kulawa. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani. Haka ma idan kin danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku wurin ya lotsa bai taso ba. A wannan hali ba a jiran a gwada masa abinci sau 15, ranar za a kai shi asibiti. In za ki tafi, ki riƙe katin rigakafinsa mai jadawalin nauyi, da takardar da kika rubuta duk abin da ya ci da abin da ya sha na kwana uku, da lokacin kowanne, har da shayi da biskit ɗin da aka ba shi a zaure.