Kirsty Coventry: daga tafkin jami'a zuwa kujerar shugabancin Olympics

Jama'a masu sauraro, a ranar 20 ga watan Maris na 2025 mambobin Kwamitin Olympics na Duniya suka taru a ƙasar Girka domin zaɓen wanda zai gaji shugaban kwamitin, Thomas Bach. 'Yan takara bakwai ne suka tsaya, shida maza, ɗaya mace. Masu fashin baƙi sun yi ta hasashen sai an kai ruwa rana, amma zagaye ɗaya kacal aka yi. Kirsty Coventry 'yar ƙasar Zimbabwe ta samu ƙuri'u 49 cikin 97, ta bar Juan Antonio Samaranch ƙarami da 28, Sebastian Coe na Ingila kuwa 8 ya tsira da su. Ita ce mace ta farko da ta hau wannan kujera, kuma ta farko daga Afirka, tana da shekara 41.

An yi ta murna a nahiyar, kuma murnar ta dace. Sai dai ya kamata mu tambayi kanmu, a ina aka ƙera wannan gwarzuwa?

A Harare aka haife ta a 1983, a can ta koyi ninƙaya, kuma tana makarantar sakandare ta je gasar Sydney a 2000, inda ta kai zagayen kusa da na ƙarshe a iyon rigingine na mita 100. Hazaƙa dai akwai ta. Abin da babu shi ne wurin da za a goge ta, domin a lokacin rikicin ƙwace gonaki ya kankama, tattalin arzikin Zimbabwe ya kama hanyar durƙushewa. Sai Jami'ar Auburn da ke jihar Alabama a Amurka ta ba ta gurbin karatu.

Ga yadda tsarin yake. Jami'a ce ke ɗaukar nauyin karatun ɗalibi, ta ba shi mai horarwa da likita da tafki mai ruwan ɗumi rani da damina, shi kuma ya fafata da sunanta. Amma akwai sharaɗi: in makinka ya faɗi a aji, ba ka shiga gasa, ko da kai ne kifin ƙungiyar. Don haka yarinya za ta tashi tun duku-duku ta faɗa ruwa, ta fito gashinta bai bushe ba ta ruga lacca, da la'asar ta koma ruwa, da dare ta buɗe littafi. Kuma mata ba su samu wannan dama a ɓagas ba. Wata doka ce ta 1972, wadda ake kira Title IX, ta haramta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata. Daga nan jami'o'i suka fara zuba kuɗi a wasannin mata, har abin ya kai ga wata yarinya daga Harare ta ci moriya.

A Auburn, ƙarƙashin masu horarwa David Marsh da Kim Brackin, ƙungiyarta ta lashe gasar jami'o'in Amurka a 2003 da 2004. A 2005 ita kaɗai ta ɗauki kambu uku. A 2006 ta kammala digiri a fannin kula da otal da gidajen abinci. Wato tana ɗaliba ne ta je Athens a 2004 ta kwaso zinare da azurfa da tagulla. A Beijing a 2008 ta ƙara zinare a mita 200 na rigingine, da sabon tarihin duniya, sannan azurfa uku. Bakwai ke nan. Duka-duka lambobin da Zimbabwe ta taɓa samu a Olympics takwas ne. Ɗayar ta 'yan matan hoki ce a Mosko a 1980.

Robert Mugabe ya yi mata laƙabi da 'yar zinare, kuma bayan Beijing ya miƙa mata dalar Amurka dubu 100, a shekarar da kuɗin ƙasar ya zama kamar ganyen bishiya, mutane na kwana a layin banki. Wannan ɗabi'a mun san ta a gwamnatocinmu: ba sa nan lokacin shuka, amma ranar girbi su ne a gaba da 'yan jarida.

To, a 2018 sai ƙaddara ta juyo da tambayar kanta. Shugaba Emmerson Mnangagwa ya naɗa ta ministar matasa da wasanni, kuma a nan ne yabo ya ragu. A zamaninta hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta ce filayen Zimbabwe ba su cancanci wasan ƙasa da ƙasa ba, har 'yan wasan ƙasar suka riƙa karɓar baƙuncin wasanninsu na gida a ƙasashen waje. A 2022 FIFA ta dakatar da ƙasar bisa katsalandan ɗin gwamnati, sai a 2023 aka ɗage. Masu suka sun ce ta ara wa gwamnatin da ake zargi da take haƙƙin jama'a farin jininta. Ita kuwa matsayinta shi ne, gyara daga ciki ya fi ihu daga waje. A ganina duka ɓangarorin suna da hujja, amma hujja ba ta gyara fili, kuma har ta bar ofis yarinyar da ke son bin sawunta sai ta nemi gurbi a ƙetare.

Tun ranar 23 ga watan Yunin 2025 take riƙe da ragamar kwamitin da ke raba kuɗin tallafi ga ƙasashe sama da 200. Kafin nan ita ta jagoranci kwamitin sa ido kan shirin gasar Olympics ta matasa ta 2026 da aka ba birnin Dakar na Senegal, karon farko da aka ba Afirka wata gasar Olympics. Abin da ya kamata 'yan jaridar nahiyar su bibiya shi ne tafkunan da aka gyara domin gasar: bayan baƙi sun watse, wa zai biya kuɗin wuta da na tsaftace ruwa, kuma 'yan matan makarantun gwamnati za su samu shiga ko sai mai kuɗi?