Wa Ya Shaide Ka? Lacca a Kan Asalin Google

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Abubuwa uku zan faɗa a kan Google, in Allah ya yarda.

Na farko, asalinsa. Ɗalibai biyu ne a Jami'ar Stanford da ke Amurka, Larry Page da Sergey Brin. A 1996 suka soma aikin, suna ce masa BackRub. A watan Satumba na 1998 aka yi wa kamfanin rajista, ofishinsu kuwa garejin mota ne da suka kama haya a Menlo Park, bayan wani mai zuba jari, Andy Bechtolsheim, ya rubuta musu cak na dala 100,000. Amma ni dabarar ce ke burge ni, ku bar ni in daɗe a nan.

Kafin su akwai injinan nema a intanet irin su AltaVista. Yawanci kalma ake ƙirgawa: ka rubuta "gero", shafin da ya fi maimaita gero shi zai hau sama. Sai mayaudara suka riƙa cika shafi da kalma ɗaya. Su kuwa yaran nan tambayarsu daban: wa ya shaide ka? Duk shafin da ya sa mahaɗi, wato link, zuwa naka, ya shaide ka ke nan.

Iyaye da ke nan, in za ku ba da 'ya, saurayin kuke tambaya halinsa? Ai cewa zai yi shi waliyyi ne! Unguwarsu ake aikawa. Kuma shaidar liman ɗaya ta fi ta mutum goma a teburin mai shayi. Masu shayi ku yi haƙuri. Shi limamin ma, me ya ba maganarsa nauyi? Mutanen kirkin da suka shaide shi. Wanda kuma kowa ya zo sai ya ce na kirki ne, shaidarsa rarrabuwa take, ta yi sauƙi. Wallahi haka lissafin yake, shi ne PageRank. Wa ya shaide ka, kuma shi wa ya shaide shi.

Na biyu, kai, lokaci ya tafi. Kuɗin daga talla ne, sun fara tsarin tallarsu, AdWords, a 2000. A 2004 suka sayar da hannun jari, dala 85 kowanne. Suka sayi Android a 2005, YouTube a 2006 kan dala biliyan 1.65, sai suka kafa uwar kamfani, Alphabet, a 2015. Na ukun ma na haɗa a ciki.

Malama, na ga hannunki. Tana tambaya, me ya sa in ta nema da Hausa amsar ba ta da yawa? Tun 2013 Hausa ta shiga Google Translate, amma injin nema ba ya samo abin da ba a rubuta ba. Iliminmu da yawa yana baki, yana rediyo, yana saƙon murya a WhatsApp, can kuwa injin ba ya leƙawa. Ke me kike koyarwa? Unguwarzoma? To, ki tsaya bayan an tashi, in nuna miki yadda ake buɗe shafi.