Kamfanin Harken: Yadda 'Yan'uwa Biyu Suka Sauya Kayan Jiragen Ruwa Masu Tafiya da Iska

Jama'a, assalamu alaikum. Na ce zan kawo abubuwa huɗu a kan tarihin kamfanin Harken na Amurka, wanda yake ƙera kayan jiragen ruwa masu tafiya da ƙarfin iska, kuma zan fara da mutanen da suka kafa shi, wato Peter Harken da ƙanensa Olaf.

An haife su a ƙasar da yau ake kira Indonesiya, mahaifinsu mutumin Holan ne, mahaifiyarsu kuma 'yar Siwidin. Yaƙin Duniya na Biyu ya tarwatsa gidan: sojojin Japan sun tsare uban, ita kuwa uwar ta yi ta yawo da yaran daga wannan ƙasa zuwa waccan har suka isa Amurka a 1944. Peter ya yi karatu a Jami'ar Wiskonsin da ke Madison, Olaf ya karanci injiniyanci a jihar Jojiya sannan ya yi aikin sojan ruwa. A 1967 suka haɗa hannu suka buɗe ɗan kamfanin ƙera ƙananan jirage mai suna Vanguard a jihar Wiskonsin, jihar da aka fi sani da shanu da cuku, wadda ke da nisan gaske daga teku. Ku duba taswira in kun koma gida, za ku yi mamakin inda aka je aka dasa wannan sana'a. (Dariya)

Na biyu, kuma a nan zan ɗan daɗe, ku yi mini haƙuri, shi ne ƙaramin abin da ya ɗaga su. Jirgin da ke tafiya da iska yana da babban ƙyalle, kuma matuƙin yana sarrafa ƙyallen da igiyoyi, kowace igiya tana bi ta kan 'yar taya mai kwari a tsakiya, irin wadda ake ratayawa a bakin rijiya don jan guga. A da, tayar tana juyawa ne kai tsaye a kan sandar ƙarfen da ta ratsa ta, saboda haka idan iska ta yi ƙarfi sai ta cije, matuƙi ya yi ta fama da ja, idan kuma iska ta yi sanyi sai igiyar ta ƙi sakuwa da kanta, alhali a tsere daƙiƙa biyu ma asara ce. Wani zai ce, to, a sa boris mana, kamar yadda ake sawa a ƙafar mota. An yi tunanin haka, amma boris na ƙarfe yana da nauyi, yana bukatar giris, giris yana tara yashi, ruwan gishiri kuma ba ya barin ƙarfe sai ya ci shi da tsatsa.

Peter a lokacin yana aiki a wani kamfanin kayan ɗakin gwaje-gwajen likitanci, Gilson, kuma yana tseren jirage a tafkin Mendota, har da waɗanda ke gudu a kan ƙanƙara idan ruwan ya daskare. Wata rana wasu ƙananan ƙwallaye na roba mai tauri suka zubo daga teburin aikinsa suka yi ta tsalle a ƙasa, sai ya lura da rashin nauyinsu da saurin motsinsu, ya ɗebe su ya jera a cikin tayar igiya. Ku lura da kyau, domin nan ne gaba ɗayan labarin yake: ƙwallon roba ba ya tsatsa, ba ya neman mai, yana fara juyawa da ɗan ja kaɗan saboda ba shi da nauyi, kuma idan gishiri ya taru sai a watsa masa ruwan daɗi a ci gaba da tafiya. Ba ya tsatsa, na sake faɗa, domin duk wanda ya taɓa ajiye ƙarfe kusa da teku ya san darajar wannan magana. A ganina basirar tana wurin yarda da roba a zamanin da masu jirage suke ɗaukar cewa duk abin da ba tagulla ko baƙin ƙarfe ba wasan yara ne.

Shaida ta zo da wuri. A wasannin Olamfik na 1968, da aka yi tseren jiragensa a Akapulko ta Meziko, matuƙan jirgin ruwa na Amurka Lowell North da Buddy Friedrichs sun ci lambobin zinare da jirage masu ɗauke da waɗannan tayoyi, daga nan oda ta fara shigowa daga ko'ina.

Na huɗu… ashe na uku nake, na gode. Na uku dai a taƙaice: 'yan'uwan sun sayar da sashen ƙera jirage na Vanguard a 1986 don su tsaya kan kayan haɗi masu sunan Harken kawai, suka sayi kamfanin Barbarossa na Italiya mai ƙera na'urar naɗe igiya, hedikwatarsu kuma tana garin Pewaukee har yau. Ina ganin hannu a can baya. Bismillah, Hajiya.

Tambaya: Malam, ka ce kamfanin gida ne, to wa ya gaje shi?

Madalla da wannan tambaya, ita ce ta cinye mini abu na huɗu. Olaf ya rasu a 2019 yana da shekara 80, kuma a 2020 aka sanar cewa an sayar da kamfanin ga ma'aikatansa, ta wani tsari da dokar Amurka ta tanada, inda ake riƙe hannun jarin a asusun amana da sunan ma'aikata, kowa rabonsa yana ƙaruwa da shekarun aikinsa, ya karɓi kuɗinsa idan ya yi ritaya ko ya bar aiki. Wato dai, Hajiya, sunan gidan yana nan a jikin kowace taya da suke ƙerawa, amma masu kamfanin yanzu su ne waɗanda ke tsaye a kan injinan.